Abin da kika tsinta, ki nemi mai shi

 Hotuna da waƙoƙin da kike turo mini ta waya suna isowa, ina kallo, ina kuma saurare. Yau zanen wata baiwar Allah, gobe wata kujera da aka ƙera da wata irin dabara, jibi wani kiɗan da kunnena bai saba da shi ba. Ina jin daɗin wannan ƙwarai, domin ba kowane matashi ne yake iya tsayawa gaban abu ya ce ya yi masa kyau ba tare da ya jira wani ya riga shi faɗa ba. Abu ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Duk sa'ad da na tambaye ki wanda ya yi aikin, amsarki ba ta canzawa: "Kawu, a intanet na gani."

Intanet ba ta riƙe alƙalami, ba ta kaɗa tsirkiya. Kowane abu da ya burge ki, wani ɗan Adam ne ya zauna a kansa, wataƙila da yunwa a cikinsa, wataƙila a ɗakin da babu wuta. Kin san hukuncin tsintuwa tun kina Islamiyya: wanda ya tsinci abu a hanya ba ya jefa shi a aljihu ya wuce, sai ya lura da kamanninsa, ya yi cigiya, ya nemi mai shi. Haka nake so ki ɗauki aikin fasahar da kika ci karo da shi. Ki nemi sunan mai shi, da garinsu, da shekarar da ya yi shi, da abin da ya yi shi da shi. Haƙƙinsa ne, amma ke za ki fi shi cin riba, don cigiya tana kai mutum inda bai yi zato ba.

Bari in ba ki labarin wani makaɗin jita da ake kira Mdou Moctar, Ba'abzine daga jihar Tawa a Nijar. Yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin a gidansu ba a maraba da kiɗa. A shekarar 2008 ya sauko Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka sani da suna Anar. A ɗakin ɗaukar waƙar aka bi da muryarsa ta irin na'urar nan mai lanƙwasa murya da mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da ita, aka sa masa gangar kwamfuta a ƙasa. Ba wani kamfani da ya fitar da waƙoƙin. Daga waya zuwa waya suka riƙa tafiya, ta Bluetooth da katin memori, a tasha da rumfar mai shayi da bayan babbar mota, har suka ratsa hamada suka shiga Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda yake tattara waƙoƙin da mutane suke ajiyewa a wayoyinsu, ya ji ɗaya daga ciki mai suna Tahoultine. Da ya so, da ya kwafa ya yi gaba, kamar yadda dubbai suka yi kafin shi. Sai ya tsaya ya bi sawun masu waƙoƙin, ya nemo waɗanda ya iya samu, ya yi yarjejeniya da su, sannan ya fitar da waƙoƙinsu a faifai ɗaya a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa na Sahel Sounds. Yau Mdou Moctar yana cika dandali a Amurka da Turai, faifansa Afrique Victime na 2021 ya zaga duniya. Ni dai waƙoƙin Sakkwaton nan sun fi kwanta mini, akwai wani sanyi a cikinsu da ƙarar jitar yanzu ta rufe. Amma ki lura da abin da cigiya ta tono: salon da wasunmu suke rainawa, suna cewa kiɗan 'yan fim ne kawai, shi ne ya fara ɗaukar muryar mutumin nan ya fita da ita.

A Yamai ma haka aka yi da Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset ɗinsa na kiɗan ogan a 1978. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba, sai a 2013 aka sake fitar da kaset ɗin da sunansa a jiki. Ki neme shi ki saurara da dare, lokacin da gida ya yi shiru.

Sai kuma batun yawa. Na lura kina tara abubuwa fiye da yadda kike kallonsu. Ba laifinki ba ne ke kaɗai, haka aka gina wayar: ta ga abin da kika tsaya a kansa, ta kawo miki goma irinsa, kafin ki gama da na farko na biyu ya ture shi. A ƙarshe sai mutum ya zaci ɗanɗanonsa ne, alhali na'ura ce take ta maimaita masa jiya. Abin da kika samu da ƙafarki, ko wata ƙawa ta nuna miki, ko kika gani a bangon wani shago, ya fi zama naki. In kin samu irin wannan, ki ba shi lokaci.

El Anatsui ne ya fi koya mini wannan. Mutumin Ghana ne, an haife shi a 1944, ya zo Jami'ar Nsukka a 1975 yana koyar da sassaƙa, ya zauna a can shekaru masu yawa yana aiki da yumɓu da katako. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya ci karo da wani buhu da aka yar a gefen gari, cike da murafen kwalaben giya. Ya ɗauka ya kai ɗakin aikinsa, ya ajiye, watanni suna wucewa bai san abin da zai yi da su ba. Daga baya ya fara yanka su, yana daddaƙe su su baje, yana huda gefensu, yana ɗinke su da siririyar wayar tagulla. Idan kika ga aikin daga nesa, za ki rantse wani ƙasaitaccen mayafi ne na zinariya da jan alharini aka rataye, yana da ninki da kwarmi kamar iska ta taɓa shi. Ki matso da hoton sosai, sai ki ga ƙananan gwangwanaye ne masu faɗin ɗan yatsa, kowanne da ragowar sunan kamfani a jikinsa, wani ya goge, wani ya lotse, kowanne an ɗaure shi da maƙwabcinsa da ɗan murɗin waya da hannun mutum. Samari da yawa ne suke taya shi wannan ɗinki. Shi da kansa yana danganta murafen da tarihin giyar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musayarta, har da bayi. A 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini a birnin Banis na Italiya da irin wannan aiki, a 2015 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta bajekolin birnin, a 2023 kuma ya rataye aikinsa a babban zauren Tate Modern a Landan. Duk wannan ya biyo bayan watannin da buhu ya yi a kusurwar ɗaki ana kallonsa. Wanda ya wuce hoton cikin daƙiƙa biyu, mayafi kawai ya gani.

Akwai wanda nake so ki sani fiye da kowa, Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin allo ne. Ya je Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade, ya koma Khartum da ƙwarewar Turawa a hannunsa, ya baje kolin aikinsa, sai ya ga mutanensa ba su damu su zo su kalla ba. Bai zarge su da jahilci ba. Ya shiga gidaje da makarantu yana duba abin da suke ratayewa da abin da suke ƙawatawa, ya tarar da haruffan Larabci da adon allo da na ƙwarya da na fata. Daga nan ya fara warware harafi, yana jan wutsiyarsa, yana buɗe cikinsa, har siffofi suka riƙa fitowa daga rubutu. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober wajen wata shida ba tare da shari'a ba, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A ciki ya riƙa zane a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti, yana binne su a ƙasa idan masu gadi sun matso. A 2013 Tate Modern ta shirya masa bajekolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Na kawo shi ne saboda abin da ya tarar a Sudan yana nan a unguwarku. Allon zayyanar da aka yi wa yayanki da ya sauke Alƙur'ani, kin taɓa ɗaukarsa ki duba da idon da kike duban hotunan wayarki? Ki sauko da shi. Ki ga yadda mai zayyana ya raba fuskar allon gida-gida ba tare da ma'auni ba, ya ja layi biyu-biyu da alƙalamin gamba, ya cike wani gida da ja, wani da ruwan ɗorawa, wani da kore, ya bar wani fari don ido ya huta. Ki ga inda tawadar ta yi kauri saboda ƙaro, tana ɗan ƙyalli, da inda hannunsa ya ɗan karkace ya gyara da dabara. Wannan mutum yana da suna, yana kuma da malamin da ya koya masa. Ki tambayi mahaifinki, zai iya tunawa. Batun hukuncin zanen abu mai rai kuwa, na san yana ranki, wannan ki kai wa malamanki, su ne masu shi. Ni abin da zan ce shi ne filin da babu saɓani a kansa yana da faɗin da ba za ki ƙure shi ba.

Kada kuma ki jira sai Landan ta buga wa abu hatimi kafin ki yarda da idonki. A Dandaji, wani gari a jihar Tawa, akwai tsohon masallacin ƙasa na magini Falke Barmu, wanda masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da ginin ya tsufa aka so sabo, sai Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zana gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. An gama a 2018, kuma maginan gargajiya suna cikin waɗanda suka yi aikin. Ki nemi hotunan rufin, ki ga yadda bakan gizon da kakanninmu suke ɗaurawa a soro ya sami sabuwar rayuwa.

Naira ashirin da ke jakarki ma tana ɗauke da hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ita aka san sunanta. Mai zanen hular da ke zaune a bakin kasuwa yana fitar da sabon fasali da biro a kan farin ƙyalle kafin mata su bi da zare, da mai rubuta bayan tifa, da wanda ya zana bangon littafin da kike karantawa, da mai lallen da ta ƙirƙiro furen da duk amaren bana suke yi, su ba a cika tambayar sunansu ba. Aikinsu na zamani ne kamar na kowa, don yau suke yin sa, kuma gobe za su canza shi.

Ki sami littafi mai bango mai ƙarfi. Duk abin da ya tsaya miki a rai, ki rubuta sunan mai shi da inda kika gan shi, sannan ki rubuta layi biyu ko uku kan abin da ya kama ki a ciki, da Hausarki, ba da kalmomin da kika ga wasu sun rubuta a ƙarƙashin hoton ba. Idan kalar ce, wace kala, kusa da wace? Idan kiɗa ne, a ina ya juya har kika ji tsigar jikinki ta tashi? Bayan shekara ki koma farko ki karanta. Za ki tarar wasu sun fita daga ranki, wasu sun ƙara shiga, daga nan za ki fara gane irin idon da Allah ya ba ki. In za ki tura wa wani, ki tura da sunan. In kuma wata rana kika ari wani fasali a aikinki, ki faɗi inda kika aro shi, wannan ba ya rage miki komai.

Tunda Zariya ba ta yi miki nisa ba, ki riƙa leƙa sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A garin ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce sai an haɗa abin da aka koyo daga Turawa da abin da aka gada a gida. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke baje aikinsu, ki je, ki zaga a hankali, ki yi magana da mai aikin da ya tsayar da ke. Ki tambaye shi kuɗinsa ba tare da jin kunya ba, sau da yawa ƙaramin zane a takarda bai kai kuɗin atamfa ɗaya ba. In ya fi ƙarfinki, ki gaya masa gaskiya, ki nemi izininsa kafin ki ɗauki hoto, ki kuma ce ya rubuta miki sunansa da hannunsa a littafinki.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki da ƙannenki.