Kafin Ka Gina Ɗaki a Bakin Kogi

Kada ka zaɓi fili da rani. A watan Maris Kogin Binuwai yakan ja da baya a Jimeta, yashi ya bayyana fetal, sai wurin ya ruɗe ka. Ka dawo a watan Satumba, ka tambayi masunta inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012 da ta 2022, shekarun da aka sako ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Can sama da nan za ka sa harsashi.

Ginin tubali da azarar giginya ya fi bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, kuma gara ba ta cika damun azara ba. Sai dai ƙasa ba ta shiri da laima. Ka ɗaure gindin bango da dutse, ka shafe da makuba, indararo kuma ya yi tsawo. Zayyana kuwa, dagi ɗaya a saman ƙofa ya wadatar.

A irin wannan laima, littattafai su ne abin tausayi. Na taɓa kulle Magana Jari Ce a akwatin ƙarfe damina guda, da na buɗe sai na tarar shafuka sun manne, ga warin fumfuna. Ka jera littattafanka a kanta, ka bar tazarar kamu ɗaya daga bango, ka sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani. Hunturu na shigowa, ka shanya su a inuwa.

Tagar karatu ta fuskanci ruwa, don ka riƙa kallon zalɓe da balbela da hantsi. Amma ka sa mata raga tun kafin ka tare, saboda sauro.