Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Yanke Kuɗin Wuta?

Wani mai sauraronmu daga Na'ibawa ya tambaya ko wa ke ƙayyade kuɗin wutar lantarki.

To Malam, tun da dokar 2005 ta wargaza NEPA, aka kuma sayar da kamfanonin rabon wuta a 2013, kamfanin KEDCO ke ba Kano, Katsina da Jigawa wuta, alhali hukumar NERC ke yanke farashi; ita ce a Afrilun 2024 ta kai farashin yunit ɗin masu amfani da wuta na rukunin A naira 225, bisa sharaɗin wutar awa 20 kullum. Haƙiƙa maslahar masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, waɗanda tsadar dizal ta galabaitar, tana ga cika wannan alkawari, domin karɓar kuɗi ba wuta cin amana ne. Ku nemi mita, ku kai ƙara idan an tauye haƙƙinku.