Tenkara: Fatsa Irin ta Mutanen Japan

A wannan ɗan nazari zan yi bayani ne a kan tenkara, wato fatsar da masuntan Japan ke yi a ƙoramun kan duwatsu. Kayan aikinta uku ne: sanda, zare da kebari. Kebari ƙugiya ce da ake ɗaura wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ƙwaro. Sandar ba ta da abin naɗe zare, a tsininta ake ɗaure shi.

A da da gora ake yin sandar, yanzu kuwa da sinadarin kabon, gaɓa cikin gaɓa kamar eriyar rediyo. Mai koyo zai ga an rubuta 5:5, 6:4 ko 7:3. Idan aka ce 6:4, kashi shida na gindi suna da ƙarfi, huɗu na sama suna lanƙwasa. Ni dai 6:4 mai tsawon mita 3.6 nake ba mai koyo shawara ya fara da ita, domin 7:3 tana son hannu mai sauri. Amma inda rassan itatuwa suka rufe ƙorama, gajeriya ta fi.

Wajen jifa, kebari ne zai fara taɓa ruwa. Sai a ɗaga sanda don kada zare ya kwanta, in ba haka ba igiyar ruwa za ta ja shi, kifi ya gane. In kifi ya ƙi, akan riƙa motsa tsinin a hankali, kebari yana buɗewa yana rufewa kamar mai rai. Wannan dabara suke kira sasoi.