Darasi Na 17: Gidan Gado

Kowannenmu ya san gidan da aka binne cibiyarsa. Ya san zauren da kakansa ke shimfiɗa buzu, da rijiyar tsakar gida. In wani ya ce masa, "Nawa za ka sayar?" sai ransa ya ɓaci, ya ce gidan ubansa ba na kuɗi ba ne.

To, maganarsa tana kan hanya. A zamanin kakanninmu ba kasafai ake cinikin gida a ƙauye ba. Mai son gini sai ya roƙi fili wurin mai gari, maƙwabta su taya shi aiki.

Amma zamani ya juya. A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda. Masu sayen gyaɗa da auduga suka zo, baƙi suka cika Sabon Gari. Ran 1 ga Oktoba, 1996, aka yi Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta, ma'aikata suka zo neman haya. Daga baya rashin zaman lafiya ya koro mutane daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, suka shigo gari. Gidan ƙasa wanda da ba mai dubansa, yau dillalai na sallama a ƙofarsa.

Wani zai ce, "Ina ruwanmu da farashi, tun da ba sayarwa za mu yi ba?" Da ruwanmu. Ran da maigida ya rasu, gida ya zama gado. Yaya za a san rabon kowa in ba a san kuɗin gidan ba?

Ga misali. Mutum ya rasu a Gusau, ba iyaye, ba bashi, ba wasiyya. Ya bar mata 1, da 'ya'ya maza 2, mata 3. Aka yi wa gidansa kuɗi naira miliyan 8. Matar tana da tumuni, watau ɗaya bisa takwas, miliyan 1 ke nan. Saura 7. Kowane namiji ya sami 2, kowace mace 1.

Yanzu mu duba wa ke cikin gidan. Babban wa ne da iyalinsa. Ƙannensa mata suna ɗakin aure, wata a Tsafe, wata a Bunguɗu, kunya ta hana su magana. Mun sha lura, wanda ya fi cewa gida ba shi da farashi, shi ne mai kwana ciki. In ƙanwa ta yi zancen rabonta, sai ya ce, "Ashe gidan Baba kike so a sayar?" Ita kuwa tana iya yiwuwa marayu gare ta, ga kuɗin magani. Ta ce, "A'a, Yaya," ta koma da hawaye. Bayan shekaru iyaye su shuɗe, jikoki su tashi, ba mai jin kunyar wani. A je gaban alƙali, a sayar wa baƙo. Abin da ake gudu ya auku.

Ga yadda wasu gidaje ke yi. Su kira mutum biyu ko uku masana farashi, su yi wa gida kuɗi gaban malami da shaidu. Mai son zama ya biya sauran magada, ko da kaɗan-kaɗan ne, kaka bayan kaka. Wadda ta so ta yafe rabonta ta yafe da bakinta, amma bayan ta ji yawansa. A mazhabar Malikiyya kuma akwai abin da ake kira shuf'a. In ɗaya ya sayar wa bare rabonsa kafin a raba gida, abokan tarayyarsa suna da ikon biyan kuɗin su karɓe.

Duk abin da aka shirya a rubuta shi, da kwanan wata da sunayen shaidu. Mu da ke wannan aji mu karanta takardar da kanmu kafin mu sa hannu.

Aikin gida: in da gidan nan miliyan 16 aka yi masa, nawa ne rabon matar? Nawa ne na kowace 'ya?