Ƙaramar Hukuma da Kula da Gajiyayyu: Darasi Daga Batsari da Safana

A ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, tsoho ko naƙasasshe ba ya rasa tuwon dare muddin danginsa na tsaye. To, idan su kansu dangin suka durƙushe fa, wa zai ɗauki wannan nauyi?

Wannan tambaya ta zama gaske a Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da ke bakin Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A waɗancan shekaru iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun dawo gari, wasu suna kwana a azuzuwan firamare. Magidancin da aka ƙone wa rumbu ba ya iya ciyar da gyatumarsa, balle makahon maƙwabcinsa.

Abin da Doka ta Ce

An yi wa ƙananan hukumomi babbar gyara a 1976 domin a kawo gwamnati kusa da talaka. Yau akwai 774 a Nijeriya, 34 daga cikinsu a Jihar Katsina. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu, ciki har da kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kuma kula da su. Ke nan wanda ya nemi taimakon ƙaramar hukumarsa ba bara yake yi ba, haƙƙinsa yake nema.

Yadda Ake Tsara Taimako

A Ingila, bisa dokar kula da mabukata ta 2014, hukumar gari takan binciki halin mutum, ta yanke kuɗin da ya dace da shi. Daga nan sai ya zaɓa: ko a ba shi kuɗin ya nemi mai yi masa hidima da kansa, ko hukuma ta tsara masa komai ta biya.

Namu tsarin bai kai nan ba. Mafi kusa da shi shi ne rajistar masu ƙaramin ƙarfi da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016. Ma'aikatan ƙaramar hukuma kan je gari, a tara jama'a, su da kansu su faɗi gidajen da suka fi talauci. A farkon shirin ana ba gidan da aka zaɓa naira 5,000 a wata.

Amfani da Illa

Idan hukuma ta riƙe ragama, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta huta da cike takardu da lissafi. Illar kuwa ita ce zaɓinta ya ragu: abin da aka kawo shi za ta karɓa, a lokacin da aka ga dama. Wanda kuma ya yi gudun hijira ranar da aka zo rubuta suna, yana iya faɗuwa daga lissafi ba wanda ya sani. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, saboda haka jama'a na da hujjar tambayar inda kuɗin ke tafiya.

Namu Aikin

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mu da muka iya rubutu mu ne idon waɗanda ba su iya ba. Idan kun je hutu, ku raka mabukaci wajen mai unguwa da kansilan mazaɓarsa, sannan ofishin walwalar jama'a a sakatariya. Ku rubuta masa takardar koke, ku ajiye kwafi, ku koma ku bi sawu. In ba a yi kuka ba, uwa ba ta san ɗanta na jin yunwa ba.

Tambayoyi

1. Wane aiki Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma game da gajiyayyu?
2. Kawo amfani ɗaya da illa ɗaya na barin hukuma ta tsara wa mutum taimako.
3. Wa ke buƙatar irin wannan rakiya a unguwarku?