Darasi: Fitilar Sito Daga Matacciyar Tocila

'Yan'uwa manoma, shiga siton ƙungiya da fitilar kananzir kasada ce. Buhu ɗaya ya kama, wahalar damina ta tafi. Ga fitilar da yaro mai natsuwa zai iya haɗawa.

Ku nemi batirin babur mai volt 12, da makunni, da fis, da waya. Ƙananan ƙwayayen nan farare da ake kira LED, ku ciro guda 3 daga matacciyar tocila. Sai rasista mai om 220. Masu gyaran rediyo na kasuwar Jibia ko na Magama, bakin iyaka, sun san ta: zobenta ja, ja, ruwan ƙasa.

Ƙwai yana da ƙafa biyu, ta fulos da ta mainos. A sabon ƙwai, doguwar ce ta fulos. Ku jera ukun nan kamar ayari, mainos na wannan a fulos na wancan, ku like da dalma. In ɗaya ya juya baya, duka ba za su kama ba.

To, ga inda akan yi asara. Kowane ƙwai volt 3 yake ci, uku sun ci 9, saura 3. Rasista ce ke shanye wannan rara. Mai gaggawa yakan ce ba dole ba ce, ya ga haske tarwai, jim kaɗan ƙwayayen su ƙone.

Fis kuwa a sa shi dab da kan batir na fulos, don in wayoyi suka haɗu shi zai tsinke kafin wuta ta tashi. Kada a maye gurbinsa da guntun waya. A rataye fitilar a bango, nesa da buhunan gero.