Me Ya Sa Mota Ke Ƙin Tashi da Safiyar Hunturu?

Duk wanda ya taɓa yin sammako cikin Disamba ko Janairu a Jos, ko Zariya, ko Kano, ya ga wannan al'amari. Maigida ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani sau biyu, ya yi shiru, sai a kira yaran unguwa su tura. Da rana ta ɗaga kuwa, murɗawa ɗaya motar ta tashi. Washegari a sake. Jama'a kan ce sanyi ne ya kashe batir, amma maganar tana da gyara.

Batirin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro asalinsa a 1859, yana da ɗakuna 6. A cikin kowanne akwai faya-fayan dalma tsome cikin ruwan asid, kuma haɗuwarsu ce ke ba da wuta, kimanin bolt 2.1 kowane ɗaki, wato 12.6 a jimlace. Ɗaliban kimiyya sun san cewa sanyi yana rage saurin haɗuwar sinadarai, don haka da asuba ƙarfin batir yakan ragu. A daidai wannan lokaci kuma aikinsa ya ƙaru, domin baƙin mai ya yi kauri, kamar yadda man shanu ke yi a ƙwarya, sai kik ya ja wuta mai yawa kafin ya juya inji. Ga shi kuma fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi ya gauraya da iska, sanyi kuwa yana rage wannan tururi. Shi ya sa motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504, suke da cok. A motocin zamani kwamfuta ce ke ƙara man da kanta.

To, amma sanyin namu nawa yake? Masu ƙera batir suna gwada shi ne a digiri 18 ƙasa da sifiri. Lambar CCA da ke jikinsa tana nuna yawan wutar da zai iya bayarwa tsawon daƙiƙa 30 a wannan sanyi ba tare da ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba. Hunturunmu bai ko kusa da haka ba. Ke nan lafiyayyen batir ba shi da uzuri a nan. Ɓarnar tun bazara aka yi ta: zafin Afrilu da Mayu yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma cin faya-fayansa. Gajerun tafiye-tafiye cikin gari, waɗanda ba sa bari ya cika da caji, su ƙarasa shi. Hunturu tona asiri kawai yake yi.

Kafin a sayi sabo, a fara da kunne. In kik ya juya a kasalance, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, a duba batir da kawunansa, domin farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta. A wanke shi da ruwan ɗumi, a ɗaure da kyau. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir ba shi da laifi. A nemi fulogi da hanyar mai, ko hita in motar mai dizal ce.

Malami na iya nuna wa ɗalibai sauran da ma'aunin bolt na ɗakin gwaji. A auna da safe kafin a ta da mota: 12.6 batir cike yake, 12.2 kusan rabi. In inji na aiki, ya kamata a ga wajen 14, in ba haka ba altaneta ce ba ta caji, kuma sabon batir ma zai mutu.

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, a dakata kik ya huce. In ruwan batir ya yi ƙasa, a ƙara tataccen ruwa, ban da na rijiya, ban da asid. Kada kuma a haska cikinsa da ashana, domin iskar haidurojin da yake fitarwa tana fashewa.